Rangwamen Wutar Injin Malam Dikko

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa har ta fara tunawa da garuruwan da ke nesa da fadarta, aka kawo wutar lantarki Tambuwal. Aka kafa turaku, aka ja waya, aka yi taro da jawabai, aka kunna ƙwan fitila da rana tsaka don manyan baƙi su gani kafin su koma Sakkwato. Cikin waɗanda suka fara jan wutar har da Malam Dikko Bube, limamin masallacin unguwarsu, mutumin da ko rediyo bai mallaka ba. Shi ba don haske ya ja ba. Injin niƙa ya sa.

Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ɗaliban mahaifinsa da suka girma suka koma noma a Fakku da sauran ƙauyukan ƙasar Kebbe ba su daina aiko da zakkar gero da dawa ba duk kaka, har rumbunan gidan su cika. Kafin marigayin ya rasu ya bar magana ɗaya: hatsin nan na masu buƙata ne, amma kada a sa ɗan mutunci ya miƙa hannu a gaban mutane.

Injin ne ya sauƙaƙa cika wannan wasiyya. An kafa shi a shagon da ke jikin gidan, a gabansa kuma akwai ɗan ɗaki mai asabari inda yayar Malam Dikko, Adda Yelwa, take zama tun da mijinta ya rasu. Tsofaffi da 'yan mata sukan zo da ƙwarya a rufe da faifai, su miƙa mata, ta shige da ita bayan asabari. In ta tarar da hatsi da kuɗin niƙa a kai, ta miƙa wa Namadi mai tuƙa injin. In ta tarar da ƙwaryar wayam, ta cika ta daga buhun da ke gefenta, ta miƙa wa Namadi. Kowa da gari yake komawa gida. Aiken matar ɗan kasuwa da na matar wanda fari ya cinye wa gona layi ɗaya suke bi, gulma ɗaya suke yi, ƙurar gari ɗaya ke sauka a gashin girarsu. Da yake ƙwaryar da ba komai a ciki tana da irin tata tafiyar a kan mutum, wasu har dutse sukan jefa a ciki don wuyansu ya yi kama da na mai kaya. Duk gari an san ana taimako a gidan Malam Dikko, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambayi ta ina taimakon yake fita. Sunayen kuwa Adda Yelwa kaɗai ta sani. Shi kansa Malam Dikko bai san ko ɗaya ba, kuma yana alfahari da wannan jahilci fiye da duk karatunsa.

Matsalar ita ce ofishin wuta ya sa injin a rukunin 'yan kasuwa. Kuɗin niƙan da masu hali ke biya bai isa ba, don haka duk ƙarshen wata sai Malam Dikko ya fitar da hatsin sadaka kasuwa ya sayar ya biya. Wuta ta zama ɗaya daga cikin mabuƙatan gidan, kuma ta fi kowa ci.

Ana nan, tsakiyar damina, sai ga Ɗangiwa a kan babur. Ɗangiwa jami'i ne a ofishin wuta, yana yaro ya yi karatun allo a gaban Malam Dikko, yanzu ya yi tumbi da agogo mai sarƙa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure.

"Allah shi gafarta Malam, albishir na zo da shi."

"Daga ofishinku? To, Allah mai iko."

"Gwamnati ta yi rangwamen kuɗin wuta ga duk gidan da ke ciyar da mabuƙata. Rabi za a yafe. Ni na kai sunan gidanga da hannuna."

Malam Dikko ya ajiye littafin da yake dubawa. "Mi za su so a wurina?"

"Sa hannu kawai."

"Ba za su kafa min allo a ƙofa ba?"

"Babu allo."

"Ba za su zaka su jera mutane su ɗauki hoto ba? Ba su son sunan kowa?"

"Wallahi Malam ko ɗaya."

Ya sa hannu. Da ya shiga ya gaya wa Adda Yelwa, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"Gwamnati ta yi kyauta ba ta yi shela ba? Dikko, ko kai da kake liman, ran da ka ba ni zane sai da ka gaya wa maƙwabta."

"Adda, ki riƙa kyautata zato."

"Ina kyautatawa. Miƙo min rariyar can."

Shelar ta zo ranar kasuwa, ta inda bai tambaya ba. Yana wucewa ta gaban shagon wani tela bayan azahar, rediyo na ta zuba labarai, sai ya ji sunansa. Mai karanta labarai, da Hausar Kano mai santsi, yana lissafa alheran gwamnati: ta rage kuɗin wuta ga gidan ciyar da gajiyayyu na Malam Dikko Bube da ke Tambuwal, inda duk gajiyayyen da ya je da ƙwarya ake cika masa ita da gari kyauta. Aka maimaita da yamma, aka sake washegari, don alherin gwamnati ba a faɗarsa sau ɗaya.

Mutane suka yi ta tare shi suna yi masa barka. Gaskiya ita ce ya ji daɗi. Bai taɓa jin sunansa ya fito daga akwati ba, kuma mai karantawar ya faɗi Bube daidai. Ya koma gida yana taku kamar wanda aka yi wa naɗi.

Masu hali ne suka fara janyewa. Matar wani babban ɗan kasuwar unguwar ta aiko a gaya wa Adda Yelwa cewa ita dai Allah bai gajiyar da ita ba tukuna. Wasu kuma tsoron Allah ya hana su: wutar da aka yi wa miskinai rangwame, ina mai wadata ina niƙa da ita? Duk suka koma injin gas na bakin tasha, mai sa tuwo warin hayaƙi. Ranar da layin ya rage saura waɗanda ba su da wani wurin zuwa, suka tsaya suka dubi juna. Wannan ta gane waccan, waccan ta gane wannan. Babu wadda ta yi gulma ranar. Suka karɓi garinsu suka watse, kowa ta bi lungu daban. Daga ranar ba su sake zuwa ba.

Ga shi lokacin ne mafi wuya a shekara. Gero ya yi kai bai nuna ba, rumbunan mutane sun kai ƙasa, mudu a kasuwa ya yi tsada. A gidan Malam Dikko kuwa hatsi na nan jibge, ga wuta mai arha, ga Namadi zaune a kan buhu yana korar ƙuda.

Malam Dikko ya fara da abin da ya iya. Bayan sallar asuba ya yi nasiha cewa karɓar haƙƙin da Allah ya ajiye wa bawa a dukiyar ɗan'uwansa ba abin kunya ba ne. Ya kawo aya, ya kawo hadisi. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu cewa Allahu akbar. Ba wanda ya aiko da ƙwarya.

Sai ya koma wa Adda Yelwa. "Ki ba ni sunayen gidajen. In sa a kai musu."

"A kan mi?"

"A kan jaki mana."

"Jaki shi tsaya ƙofar gidan mutum da buhu, unguwa na kallo. Rediyo ta biyu ke nan, mai kunnuwa." Ta gyara zama. "Kuma na yi wa Baba alkawari. Ko kai ba ka ji daga bakina."

"To su mutu da yunwa don kunya?"

"Ba su mutuwa. Sai dai su sai da akuya, su sai da tasa, yara su kwana da ruwan kanwa. Kai dai ka ji sunanka a akwati."

Wannan ta shige shi. Daga nan sallah ta fara yi masa wuya. In ya sallame ya juyo ya fuskanci sahu, sai ya tsinci kansa yana duba wuyan mutane, yana lura da wanda ya ƙara ɗaure tazuge, da wanda ke dafa ƙasa kafin ya miƙe. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gudun sanin sunaye, ga shi yana ƙoƙarin karanta su a fuska. Ya ji kunyar kansa, ya koma kallon tabarma.

Ana cikin haka taubashinsa Atu ya iso daga Fakku a bayan motar kaya. Atu ne ke tattaro zakkar mutanen can duk shekara, kuma tun suna yara bai taɓa gaida Malam Dikko ba tare da tsokana ba.

"Salamu alaikum, uban gajiyayyu! Ina gajiya? Au, na manta, ita ce sana'ar."

"Shigo, baƙauye. Ka goge ƙafa, nan birni ne."

"Birnin da injinsa ke barci da hantsi? Mu can Fakku mun ji ka a rediyo. Tsohuwata har ta ce in tambaya ko ana rubuta sababbin gajiyayyu, ƙafarta na ciwo."

Malam Dikko bai yi dariya ba. Ya kwashe labari ya gaya masa. Atu ya saurara yana ɓare gyaɗa, ya girgiza kai.

"Kai ma ka cika wauta. Yabo anka yi maka, shi ya kashe ka. Wa ke son a gan shi ƙofar mutumin kirki da ƙwarya? Da cewa anka yi an kama ka da cin amana, wallahi da layin ya kai tasha. Kowa sai ya zaka ya ga idon ɓarawo, ya yi niƙa ya wuce."

Ya faɗa ne don ya ba da haushi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Da ya ɗago sai ya ga Malam Dikko ya zuba masa ido.

"Kai, Dikko. Wasa nika yi."

"Na sani. Duk rayuwarka ba ka taɓa faɗin abin hankali da gangan ba."

Washegari Malam Dikko ya sa babbar riga ya tafi ofishin wuta. Ɗangiwa ya miƙe da sauri har ya ture kujera, ya fara ba da haƙuri kan maganar rediyo, cewa shi rahoto kawai ya aika sama, bai san inda zai faɗa ba.

"Zauna. Ba wannan ta kawo ni ba. A injina ana karɓar kuɗin niƙa ko ba a karɓa?"

"Ai Malam, daga masu hali ne kawai."

"Ana karɓa ko ba a karɓa?"

"Ana karɓa."

"Wurin da aka karɓi kuɗi, a dokarku mi sunansa?"

"Wurin kasuwanci."

"Madalla. Ranar kasuwa ka zaka da tsani da ma'aikatanka, lokacin da hanya ta cika. Ka yanke min wuta. Ka faɗa da ƙarfi cewa an bincika an tarar injin na kuɗi ne, an janye rangwame, ba a maido wuta sai na koma biyan kuɗin 'yan kasuwa."

"Malam, mutane za su ce ka yaudari gwamnati."

"Za su ce."

"Ba ni iyawa. Kai ka koya min alif."

"Shi ya sa na san sai an maimaita maka. Ranar kasuwa. Da tsani."

"Amma ai zalunci ne. Ni na san abin da ake yi bayan asabarin nan."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Ɗangiwa. Ko kalma ɗaya. Ka faɗi rabin da na ba ka, gari zai cika sauran, sun iya." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Kuma kada ka yi min wannan durƙuson naka a gaban mutane. Ka tsaya kamar ma'aikacin gwamnati. Ka tura tumbin gaba."

Ranar kasuwa aka jingina tsani a turken ƙofar gidan. Kafin ma'aikacin ya kai sama, hanya ta toshe da masu kallo. Ɗangiwa ya yi jawabinsa murya na rawa, mutane suka ɗauka fushi ne. Namadi, da ba wanda ya gaya wa komai, ya fito fari fat da gari yana rantsuwa sai ya karya tsanin da wanda ke kai, sai da mutum uku suka riƙe shi. Wannan ya ƙara wa abin armashi. Malam Dikko ya tsaya a bakin zaure, kansa a ƙasa. Ya zaci zai yi ta ne kamar wasa. Da ya ji wani dattijo da suka yi shekaru suna gaisawa ya ce, "Ashe haka ne," a hankali, ba da mugunta ba, sai ya gane abin ba wasa ba ne.

Gari ya cika sauran, kamar yadda ya ce. Kafin la'asar an tabbatar bai taɓa ciyar da kowa ba, ƙarya ya shirya wa rediyo. Kafin Juma'a ya mallaki gida a Sakkwato da motar haya a hanyar Jega. Dattawan masallaci suka zo da ladabi, suka zauna, suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe suka ce sun lura ƙafarsa na damunsa, ko zai ɗan huta na'ibi ya riƙa jan sallah. Ƙafarsa lafiyarta lau. Ya ce ya gode da kulawa.

Atu ma ya aiko daga Fakku cewa labari ya iso, wasu sun ce bana wani wuri za su kai zakkarsu. Shi yana bin su gida gida yana zaginsu, amma bai yi alkawarin zai ci nasara a kan kowa ba.

Malam Dikko ya fitar da hatsi ya sayar, ya biya, aka maido wuta. Da injin ya yi tari ya tashi, ƙwaryar farko da ta iso ta matar babban ɗan kasuwar nan ce. Tunda an tabbatar wurin na cin riba ne, mutuncinta ya samu inda zai tsaya, kuma dama ta gaji da tuwo mai warin gas. Masu tsoron Allah suka biyo baya, tunda yanzu ba haƙƙin miskini a wutar. Wasu suka zo don kawai su leƙa zaure su ga yadda fuskar malamin da aka kama take. Layin ya fara tsawo, gulma ta dawo, kuma yawancinta a kansa ake yi.

Yana zaune a zaure wata safiya da littafi a buɗe, ba karantawa yake ba, sai muryar wata tsohuwa ta taso daga layin, irin muryar da ba ta san raɗa ba.

"Ni dai tun ina yarinya nika ganin gidanga da daraja. Ashe malamai ma yanzu sun iya cin kuɗi. Allah shi kyauta."

"Amin, Inna," in ji wasu 'yan mata, suna dariya.

Ya rufe littafin. Ya so ya leƙa ya ga ko wace ce, ya hana kansa. Can sai ga Adda Yelwa ta shigo ta ƙofar ciki, hannuwanta fari da gari, ta tsaya tana kallonsa.

"Ka ji ta?"

"Na ji."

"Ta yi maka ciwo?"

"Ta yi."

"To ka sha ruwa." Ta karkaɗe zanenta. "Buhun da ke gefena ya ƙare tun ɗazu. Ka sa a sauko min da wani."

Ya ɗago ya dube ta. Tun ranar da layin ya watse buhun nan yake cike, ba wadda ta zo da ƙwarya wayam balle a taɓa shi.

"Ya ƙare?"

"Kurma ka zama? Na ce ya ƙare. Kuma ka fitar da na kasuwa tun yanzu, wata ya kusa mutuwa, mutanen Ɗangiwa ba su san uban kowa ba."

Ta juya ta koma. Ya ƙwala wa Namadi kira, ƙarar injin ta haɗiye muryar. Ya sake kira, a banza. Sai ya tuɓe babbar rigar ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya nufi rumbu da kansa.